Fitilu masu juyawa suna fizga su kaɗai, ina matsalar take?

Ɗan Kofar Kaura: Salamu alaikum, masana. Fitilu 8 ne masu juya kai, kwan wat 230, a zauren biki nan Katsina, da kwanturola (na'urar da ake sarrafa su da ita) mai canel 192. Biyun ƙarshe ba sa amsa umarni, sauran kuma sukan fizga ba a taɓa su ba. An haɗa su da wayar makirufo. Me za a fara dubawa?

Injiniya Daura: Wa alaikumus salam. Fara da adireshi, wato lambar canel ɗin da kowace fitila ke fara karɓar umarni daga gare shi. Kowane canel abu ɗaya yake sarrafawa, kamar launi ko juyi. Idan kowace fitila canel 16 take ci, adireshin su zama 1, 17, 33, 49, 65, 81, 97, 113. Kwanturolar nan fitilu 12 take ɗauka, kowace da canel 16, don haka in an saita fitilar a yanayin canel 20, za ta shiga gonar maƙwabciyarta, ka murɗa launin wannan kan waccan ya juya. Duba allon kowace, a mayar da su duka yanayi ɗaya.

Amma fizgar nan, ni wayar nake zargi. DMX, wato siginar umarnin da kwanturola ke aika wa fitilu, na son waya mai om 120 (om ma'aunin tirjiyar lantarki ne), ta makirufo ba ta kai haka ba, sigina sai ta riƙa dawowa baya tana rikita fitilun. A canza ta. A fitila ta ƙarshe a toshe mafitar da filogin XLR, irin na makirufo, da aka liƙa wa razista om 120 da dalma tsakanin fil na 2 da na 3. Kada a raba wayar gida biyu da hannu, a jera su ɗaya bayan ɗaya. Layi guda kada ya wuce na'ura 32.

Oga Sauti: Ƙari a kan bayanin Injiniya: a ba fitilun wuta kai tsaye, ba ta cikin dima (na'urar rage haske) ba. Kwan wat 230 ne, amma da mota da fanka kowace tana jan fiye da wat 300, a lissafa wa janareta haka.

Mai Fitila Kofar Marusa: Malam, kada a manta ƙurar hunturu, tana toshe fanka, fitila ta yi zafi ta kashe kanta. A hure su da iska duk mako. In an tashi, a kashe kwan daga kwanturola, a bar fanka ta yi kamar minti 5 kafin a zare wuta. Kuma duk wadda aka rataya a sama a ɗaura mata wayar ƙarfe ta tsaro ban da maƙalinta, mutane ne ke zaune a ƙasa.