Ƙanena a Indiya yana zuwa taron matasan Hindu, kaina ya kulle

Yayar Auta: Assalamu alaikum, don Allah ku ba ni shawara. Autanmu ne, ni na riƙe shi tun rasuwar Baba, filina na gado na sayar na tura shi Bangalore karatun haɗa magunguna saboda a gida ya fara bin 'yan shaye-shaye, har kwalaben maganin tari guda uku na taɓa tsinta a ƙarƙashin katifarsa, na zauna bakin gadon na yi kuka na ƙoshi kuma har yau Hajiya ba ta sani ba. A can ma shekarar farko sai a hankali. To abokin ɗakinsa ɗan Hindu ne, shi ya fara jansa taron matasansu duk Lahadi, ana musu wa'azi kan barin maye da girmama iyaye, su motsa jiki, su raba wa talakawa abinci. Wallahi yaron ya natsu, ko sigari ya bari. Amma jiya ya turo hoto na ga jan ɗigo a goshinsa, na kwana ban runtsa ba. Ya zan yi?

Malam na Zariya: Wa alaikumus salam. Baiwar Allah ki dawo da shi, magana ta ƙare. Wuri ne da ake sujada ga gumaka, yau ɗigo a goshi, gobe kuma me? Degiri ba ta kai imani ba.

Tsohon ɗalibin Pune: Malam a yi a hankali. Shekara 4 na yi a ƙasar, ƙungiyoyin nan ba ɗaya ba ne. Akwai Ramakrishna Mission da Swami Vivekananda ya kafa a 1897, su makarantu da asibitoci suka fi ba ƙarfi, ranar haihuwarsa ma 12 ga Janairu ita ce ranar matasa a Indiya. 'Yan Hare Krishna kuma sun hana nama da maye da caca da zina, amma su kira suke yi zuwa addininsu kai tsaye. Ɗigon sunansa tilak, wani lokaci baƙo ake sa wa don maraba, wani lokaci bayan bauta ne. Anti, wacce yake zuwa? Kuma ki tambaye shi prasad, abincin da aka fara miƙa wa abin bautarsu kafin a raba, yana ci?

Yayar Auta: Ban tambayi sunan ba gaskiya. Kuma da ya fara faɗa min ni na ce ya je, lokacin ban ga wata hanya ba, wa ya taimake ni da yake nan?

Maman 'Yan Biyu: Ai wannan ita ce maganar. Nawa ɗan shekara biyu yana shan ƙwaya a unguwa, ba wanda ya zauna da shi sai zunɗe, da na kai ƙara wurin dattawa cewa aka yi ni na sangarta shi, uban kuma ya tare gidan amarya ko waya ba ya ɗauka.

Malam na Zariya: Allah ya shirya miki shi, amma sakacinmu ba zai halatta haram ba. Na faɗa na kuma, tikiti za ki saya masa.

Tsohon ɗalibin Pune: Musulmin Indiya sun haura miliyan 170 a ƙidayar 2011. Ya je unguwar Shivajinagar a nan Bangalore ko babban masallacin da ke kusa da City Market, zai samu jama'a. Kada a yanke shi da abokin nan rana ɗaya, kaɗaici ya fi komai jefa ɗalibi cikin maye.

Malam na Zariya: Zama da maɗaukin kanwa fa.

Yayar Auta: Malam saura shekara ɗaya da rabi ya gama, filin ya riga ya tafi, in ya dawo hannu rabbana wurin waɗancan abokan zai koma. Kuma yana sallah, na ji da kunnena ya ce min bari ya yi Isha'i ya kira ni.

Maman 'Yan Biyu: Ki dai gaya wa Hajiya, uwa ce.

Yayar Auta: Hawan jini gare ta, ba zan iya ba. Na kira shi sau biyu yanzu bai ɗauka ba, can dare ya yi. Wani ya san ɗalibi Musulmi a Bangalore da zai leƙa min shi?