In CI (gwajin da na'ura ke yi wa kod da kanta) ya nuna kore, dole sai mutum ya sake duba kod ɗin?

Mai_Kod:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina jagorantar wata ƙaramar tawagar masu rubuta manhaja, kuma akwai gardamar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakaninmu. Mun ɗora GitHub Actions a matsayin CI ɗinmu: da zarar ka tura gyara, na'ura za ta gina manhajar, ta gudanar da gwaje-gwaje, ESLint, mai neman kurakurai a rubutun kod, ya bi layi-layi. Amma dokarmu sai wani ya karanta ya amince kafin a haɗe gyaran da sauran kod ɗin. A nan aiki ke kwana. Gyara ya yi kore tun safe, wato ya wuce gwaje-gwajen, mai dubawa na fama da nasa aikin, kafin ya waiwayo wani ya taɓa fayil ɗin, sai karo ya tashi wajen haɗewa. Wani cikinmu ya ce a soke dubawar mutum tunda gwaji ya wuce. Raina bai kwanta ba. Ku yaya kuke yi?

Tsohon_Injiniya:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka soke. Koren nan bai ce kod ɗin daidai ne ba, cewa ya yi ya amsa tambayoyin da kuka yi masa. To wa ya rubuta tambayoyin? Galibi mai gyaran ne da kansa, abin da bai zo masa a rai ba kuwa ba zai gwada ba. Ɗauki gyaran da ke kiran rumbun bayanai a cikin madauki, kira ɗaya ga kowane mai amfani. Da mutum goma na gwaji zai wuce sumul, ranar da suka kai dubu ɗari sabar ta durƙushe. Wanda ya san manhajar kallo ɗaya zai yi ya gane.

Abin da za ku sauke wa mutane shi ne aikin da na'ura ta fi su. Gardamar waƙafi da tazarar layi ku bar wa Prettier, manhajar da ke daidaita tsarin rubutun kod. Ka tuna kuskuren Apple na 2014, inda layin "goto fail" ya maimaitu sau biyu ya tsallake tantance sa hannun dijital na tsaro: gargaɗin kod ɗin da ba a iya kaiwa gare shi, in an kunna shi, zai tona wannan.

Yar_Linux:
Yaya, na yarda, amma ido ma yana kwana. Gyaran da ya haifar da Heartbleed, wata ɓarakar tsaro a manhajar ɓoye bayanai ta OpenSSL, wani ya duba shi kafin ya shiga, kuma ba a gano ba sai 2014, bayan ya shekara biyu a hannun jama'a. Ni ina zargin girman gyare-gyarenku ne ke jawo jinkirin. Binciken da kamfanin SmartBear ya yi a kamfanin Cisco ya ba da shawarar kada a wuce layi 200 zuwa 400 a zama ɗaya. Ka turo min layi dubu biyu, gungurawa kawai zan yi.

Dan_Sabar:
Abin da ya fi damuna fayilolin ginin kansu, waɗanda ba mai karantawa. Ƙofar baya (ɓoyayyiyar hanyar kutse) da injiniya Andres Freund ya gano a manhajar matse fayiloli ta xz a Maris 2024 cikin fayilolin gwaji da rubutun gini aka ɓoye ta. Ku sa babban fayil ɗin .github/workflows, inda umarnin GitHub Actions ke zama, a CODEOWNERS, fayil ɗin da ke nuna mai alhakin kowane sashe na kod, duk wanda ya taɓa shi sai mai alhakinsa ya amince.

Mai_Kod:
Na gode ƙwarai. Yar_Linux, kin taɓa inda yake ciwo, gyare-gyarenmu manya ne. Zan kai wa tawaga shawarar a riƙa daddatsa su, kuma kowa ya fara da duba na wani kafin ya buɗe nasa aikin. Saura ɗaya: muna da gwajin da yau ya wuce gobe ya faɗi ba a taɓa komai ba, har mutane sun saba danna "sake gudanarwa". Ku cire irinsu kuke yi, ko ware su gefe kuke yi har a gyara?