15 ga Janairu: waɗanne abubuwa ne suka faru a ranar da gaske?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ina haɗa bayanin minti goma da za a karanta wa ɗaliban sakandare ranar 15 ga Janairu. Kisan Sardauna da Tafawa Ɓalewa na sani, amma jerin da ake yaɗawa a WhatsApp ya haɗa da ƙarshen yaƙin basasa, da haihuwar Nasir na Masar, da Martin Luther King, da Sarki Abdul'aziz na Saudiyya, har da naɗin wata sarauniyar Ingila. Wanne zan ɗauka, wanne zan bari? Kuma ranar da aka kashe Sardauna nawa ga wata ce a lissafin Musulunci?

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam. Malam, ka fara da na gida, domin su ne yara za su fi riƙewa.

1966 daidai ne. Ranar Asabar ce, kafin asuba, sojoji ƙarƙashin Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu suka auka wa gidan Firimiya a Kaduna, suka kashe Sir Ahmadu Bello da uwargidansa Hafsatu. A daren ne kuma aka kashe Akintola a Ibadan, da ministan kuɗi Okotie-Eboh, da manyan hafsoshi irin su Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad da Laftanar Kanar Abogo Largema. Game da Sir Abubakar, ka ce an ɗauke shi daga gidansa a Legas a wannan dare, aka kashe shi, sai bayan kwanaki aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Abeokuta, aka kai Bauchi aka binne. Kada ka ce Ironsi ya karɓi mulki a ranar; washegari ne, 16 ga wata. Allah ya jiƙansu da rahama.

Ƙarshen yaƙin basasa yana da ranaku biyu, shi ya sa mutane ke ruɗewa. A 12 ga Janairu 1970 Philip Effiong, mataimakin jagoran Biyafara Ojukwu, ya yi jawabi ta rediyo cewa 'yan Biyafara sun ajiye makamai, bayan Ojukwu ya bar ƙasar zuwa Kwaddibuwa. A 15 ga wata ne Effiong ya je barikin Dodan a Legas ya miƙa wuya a hukumance gaban Janar Gowon. To ka rubuta "aka miƙa wuya a hukumance", ban da "aka daina harbi". Wannan ne ma dalilin da ya sa Najeriya ta mayar da ranar tunawa da 'yan mazan jiya zuwa 15 ga Janairu, da a 11 ga Nuwamba ake yi.

Haihuwa biyu ba su da matsala. Jamal Abdul Nasir, 1918, a Iskandariyya. Martin Luther King, 1929, a Atlanta. Sai dai ka lura, hutun da Amurka ke yi don tunawa da King ana yin sa ne ran Litinin ta uku a watan Janairu, yana iya faɗowa daga 15 har zuwa 21, don haka ranar hutun daban, ranar haihuwar daban. Na Sarki Abdul'aziz ka cire shi gaba ɗaya. Littattafai sun saɓa a kan shekarar ma kanta, to wanda ba a daidaita kan shekararsa ba, ina za a samo ranarsa?

Mai Lissafin Wata:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Bari in ɗauki ɓangaren kalanda, don nan ne jerin WhatsApp ke yawan tuntuɓe.

Ranar ta yi daidai da 23 ga Ramadan 1385. A lissafi, 1 ga Muharram 1385 ta faɗo 2 ga Mayu 1965. Watanni takwas kafin azumi, kana ba wannan 30 wancan 29, kwana 236 ke nan, sai ka sauka a 24 ga Disamba a matsayin ɗaya ga Ramadan. Ƙirga zuwa 15 ga Janairu, ka samu 23. Amma fa wannan lissafin takarda ne, ganin wata na iya kawo bambancin kwana ɗaya gaba ko baya. Abin da ya fi aminci a gaban ɗalibai shi ne ka ce "a goman ƙarshe na azumin 1385".

Akwai dabarar da aka saba wajen gano shekarar Hijira: ka cire 622 daga shekarar Miladiyya, ka ninka da 33, ka raba da 32. Idan ka yi wa 1966 haka za ta ba ka 1386, kuskuren shekara guda. Dalili kuwa, 1386 ba ta shigo ba sai cikin Afrilun 1966, Janairu tana cikin tsohuwar shekara. Duk ranar da ke farkon shekarar Bature sai an bi ta wata-wata. Kuma da yake shekarar Hijira ta gaza da kwana 10 ko 11, sai an yi kamar shekara 33 kafin ranakun biyu su sake haɗuwa. A 1998 da 1999, 15 ga Janairu ta sake faɗowa cikin azumi.

Sarauniyar da kake nufi Elizabeth ta Ɗaya ce, an naɗa ta 15 ga Janairu 1559. Gaskiya ne, amma da tsohuwar kalandar Juliyas. Fafaroma Gregory ya gyara kalanda a 1582, aka tsallake kwana 10, Ingila kuwa ba ta bi ba sai 1752, inda aka kwana 2 ga Satumba aka tashi 14. Da kalandar da ke rataye a bangonmu yau, naɗin 25 ga Janairu ne. Wani abin kuma, a lokacin sabuwar shekarar Ingila 25 ga Maris take kamawa, shi ya sa za ka ga tsofaffin takardu sun rubuta 1558. In dai za ka sa shi, ka ƙara da "bisa tsohuwar kalanda". In kana son abin Ingila da ba ya bukatar dogon bayani, buɗe gidan tarihi na British Museum ga jama'a a 15 ga Janairu 1759 ya zo bayan gyaran.

Yaya Rabi:
Ƙanena, minti goma ba ya ɗaukar abu fiye da biyar ko shida in kana so yara su fahimta. Ni a ganina ka ba 1966 da 1970 rabin lokacin, ka nuna musu cewa shekara huɗu cif ke tsakani, kuma na farkon yana cikin abubuwan da suka jawo na biyun. Kada ka jera kisan shugabanni da bikin haihuwa a numfashi ɗaya, ka rufe wancan da addu'a tukuna.

Ga biyu na kusa da za su ja hankalinsu. An buɗe Wikipedia a 15 ga Janairu 2001. A 2009 kuma jirgin US Airways ya ci karo da garken tsuntsaye jim kaɗan da tashinsa daga New York, injinansa biyu suka mutu, matuƙin ya sauke shi a kan kogin Hudson, mutum 155 da ke ciki duk suka tsira.

Idan jerinka ya ce yaƙin Gulf ya fara a ranar, gyara. 15 ga Janairu 1991 wa'adi ne da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba Iraƙi ta fice daga Kuwait. Ruwan bama-bamai ya fara ne da tsakar daren 17 ga wata agogon Bagadaza, lokacin a Amurka yammacin 16 ne.

Za a samu ɗalibin da zai ce haɗuwar abubuwan nan a rana ɗaya wata alama ce. Ka sa 'yan aji su faɗi ranakun haihuwarsu ɗaya bayan ɗaya. In sun kai 23, yiwuwar a samu biyu masu rana ɗaya ta ɗan haura rabi, in sun kai 57 ta kai kashi 99 cikin 100.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na cire Sarki Abdul'aziz da yaƙin Gulf, sarauniyar ma na bar ta saboda lokaci. Gwajin ranakun haihuwa zan sa shi a ƙarshe, ajin mutum 48 ne.