Na maƙale a babin radiyam, a taimaka min

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Malaminmu ya ba mu littafin tarihin masaniyar kimiyya Marie Curie mu karanta. Farkonsa ya yi min daɗi, yadda ta tafi Faris karatu a 1891, har ita da mijinta suka gano sinadarin radiyam a 1898. Amma da na kai bayanin "rabin rayuwa" sai kaina ya kulle. An ce sai bayan kusan shekara 1,600 rabin radiyam ke rikiɗewa. To me ya hana sauran rabin ƙarewa a shekara 1,600 masu zuwa? Ni a lissafina, a shekara 3,200 ya ƙare ƙarƙaf. Sau uku na maimaita shafin, har zane na yi, a banza. Don Allah wa zai warware min?