Ƙwallon Amurka: zuciyata ta fara sanyi da atisaye

Sadiƙu44: Assalamu alaikum. Ina aji 11 a wata sakandare a jihar Ohayo, ina buga ƙwallon Amurka a ɓangaren tsaro. Burina in samu jami'ar da za ta ɗauke ni da tallafin karatu. Tun da kakar wasa ta ƙare sai ɗaga ƙarfe da gudu da asuba cikin ƙanƙara, ba wasa, ba 'yan kallo. Na tura bidiyona na Hudl, shafin da 'yan wasa ke ɗora bidiyon wasanninsu, ga kocinonin jami'o'i, shiru kake ji. Abokina kuwa har ya samu tayi. Wallahi wata ranar ko takalmin ba na son gani. Waɗanda suka bi hanyar nan, me ya riƙe ku?

Yaya Auwal: Wa alaikumus salam ƙanena. Na buga a rukuni na biyu na NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka mai rukuni uku, kuma gaskiya ba zumuɗi ne ya riƙe ni ba, shi wannan zuwa yake ya tafi. Abin da ya riƙe ni mutum ne. Akwai abokin da nake ɗauka a mota kullum, in ban fito ba shi ma ya rasa atisaye, to kunyarsa ke tashe ni. Nemi irinsa. Sannan ka sayi ɗan littafi ka riƙa rubuta nauyin da ka ɗaga da lokacinka a gudun yadi 40. Ranar da ka ji kamar ba ka gaba, ka buɗe shafin watan jiya.

Batun shirun kocinoni kuma, Josh Allen, shahararren ɗan ƙwallon Amurka, ya gama sakandare babu babbar jami'ar da ta ba shi tallafi. Kwalejin shekara biyu ta Reedley ya tafi, daga can jami'ar Wayomin, a 2018 ƙungiyar ƙwararru ta Buffalo Bills suka zaɓe shi na 7 a zaɓen sababbin 'yan wasa. Ba cewa nake kowa zai zama shi ba. Amma ina zargin manyan makarantun da kake gani a talabijin kawai ka rubuta wa. Rubuta wa na rukuni na biyu da na NAIA, wata hukumar wasanni ta ƙananan jami'o'i, su ma suna ba da tallafi. Na rukuni na uku ne ba sa bayar da tallafi saboda wasa, sai saboda ƙwazon karatu ko buƙata.

Maman Iman: Ɗana, ban ji ka ambaci makaranta ba. Rukuni na ɗaya na NCAA na buƙatar manyan darussa 16 da matsakaicin maki a darussan da bai gaza 2.3 ba, kuma 10 daga ciki sai ka gama su kafin ka shiga ajin ƙarshe, wato aji 12. Wannan shekarar ce ke nan. Je ka ga mai ba ɗalibai shawara cikin makon nan. Kuma awa nawa kake barci? Yaron da ke tashi da asuba yana kwanciya tsakar dare, dole ya tsani takalmi. Ka ware rana guda a mako ka huta.

Sadiƙu44: Na gode Yaya, na gode Mama. Makina 2.6 ne, amma ban taɓa ƙirga darussan ba, ranar Litinin zan je in sha Allah. Yaya, da kake rubuta wa kocinoni, me kake sawa a saƙon ban da bidiyo?