RSS a inda rezo ke wasan ɓuya: kowa ya faɗi abin da ya gani

Mai shagon waya, Garwa: Salamu alaikum jama'a. Wata uku ke nan da na daina zagaya shafukan labarai ɗaya bayan ɗaya, na koma RSS. Ga wanda bai sani ba, shafi yakan ajiye wani ɗan fayil mai jera sababbin abubuwan da ya wallafa. Kai kuma sai ka ba manhaja adireshinsa, ta riƙa leƙawa tana kwaso maka. Ni Feeder nake amfani da ita a Android. Da asuba, lokacin da rezo, wato sabis ɗin waya, ya fi lafiya, take sauke komai, in karanta a shago ko babu mega. Wa ya gwada?

Mai neman aiki, Ngaundare: Wa alaikumus salam. Ni neman aiki ya kai ni. A da sai sanarwa ta gama yawo a WhatsApp, ta iso mini ana saura kwana ɗaya a rufe. Yanzu na tace guraben ReliefWeb, shafin ayyukan agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya, na bar na Kamaru da Chadi kawai, na ɗauki RSS ɗin. Aikin dai bai samu ba tukuna, amma na daina jin labari bayan an watse.

Malamin makaranta, Injamena: Mu dole ce ta koya mana. Daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019, wata goma sha shida, Facebook da WhatsApp da Twitter a toshe suke a Chadi. Kowa ya koma VPN, ga cin mega ga cin batir. Wani abokin aikina ya sa mini RSS na BBC Hausa da RFI, kanun labarai suka ci gaba da shigowa ba tare da VPN ba. Abin da ya fi burge ni, labari yana zuwa bisa jerin lokacinsa, ba wanda ya zaɓa mini abin da zan fara gani. Da aka buɗe ma ban koma ba.

Mai shafin girki, Marwa: Ni kuwa kuka na kawo. Ban ma san shafina yana da RSS ba sai da ƙanena ya ƙara /feed a ƙarshen adireshin, ashe WordPress, manhajar da aka gina shafin da ita, da shi yake zuwa. Murna ta koma ciki ranar da na ga girkina na miyar yakuwa, har da kuskuren rubutuna, a wani shafi mai cike da talla. Na'ura suka sa tana kwashewa. Sai na shiga saiti na mayar da shi taƙaitawa kawai.

Mai shagon waya, Garwa: Haba Hajiya, ashe ke ce! Layi biyu nake gani sai a ce in danna. To in babu rezo, ina zan danna? Kin hukunta mu da laifin ɓarawo.

Mai shafin girki, Marwa: Malam, kai ka taɓa tsayuwa a gaban murhu kana ɗaukar hoto hayaƙi na shiga idonka? A yi haƙuri da layi biyun.

Dattijo mai gyaran kwamfuta, Kusuri: Ku biyun duk kuna da gaskiya, ba zan raba ku ba. Nawa gargaɗin daban ne. Ina cikin waɗanda Google Reader, manhajar RSS ta Google, ta tafi ta bari da aka rufe ta ranar 1 ga Yuli 2013, kuma abin da ya cece ni shi ne na riga na fitar da jerin shafukan da nake bi a fayil ɗin OPML, wanda ake kwashe jerin da shi daga manhaja zuwa wata, na ɗora shi a wata manhajar RSS, Feedly. Ku fitar da naku yau, ku ajiye. Sai dai kada a zuzuta abin da yawa. Labarin gadar Ngeli da ta haɗa Kusuri da Injamena, ko an rufe ko an buɗe, ko ruwan Logon ya hau, a Facebook da bakin 'yan mashin ake fara jin sa, kuma shafukan Facebook ba sa ba da RSS.

Mai neman aiki, Ngaundare: Baba, OPML ɗin nan a Feeder ta ina ake fitar da shi? Wayata ta fara kashe kanta, gara in yi kafin dare.