Neman shawara: Baba ba ya barin labarin siyasa ya kwana a salularsa

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Daga Yamai nake. Tun da mahaifinmu ya ajiye aiki ba abin da ya sa a gaba sai labarin siyasa. Daga an sallame asuba salula na hannunsa, duk muryar da aka turo masa sai ya bi dangi da ita ɗaya bayan ɗaya, da la'asar kuma ya kai ta majalisarsu ta bakin masallaci. Makon jiya ya tura bidiyon motocin soja da aka ce a ranar aka ɗauka, ashe tsoho ne. Da na yi magana ya ce ni yaro ne. Yaya zan taimake shi ban ci masa fuska ba?

Amsa daga Yamai: Wa alaikumus salam ƙanena. Fara gane halin tukuna. Mai bin siyasa dare da rana ba labarin yake aunawa ba, wanda ya turo yake dubawa. In amininsa ne na shekara talatin, ka ce labarin ƙarya ne, a kunnensa aminin ka ƙaryata. Ga kuma son a ce daga bakinsa aka fara ji, shi ya sa bai iya jira. Ka tuna dattawan nan da rediyo suka saba. An dakatar da RFI a Agustan 2023, BBC ma aka dakatar da ita wata uku a Disambar 2024, sai muryoyin salula suka cike musu gurbin, suna ba su amanar da suke ba rediyo. Rediyo kuwa akwai mai tace labari kafin ya fita, murya babu. Kada ka ce masa "ƙarya ne", kuma kada a gaban mutane. Ku biyu kaɗai, ka ce: "Baba, wace rana aka yi wannan? Wa ya fara faɗa?" Ka bar shi ya nemo da kansa.

Amsa daga Tahoua: Ɗan'uwa, nuna masa da hannu ya fi dogon bayani. A WhatsApp, saƙo mai kibiya biyu a samansa ya bi hannu aƙalla biyar kafin ya iso, wanda ya turo bai san mafarinsa ba. In bidiyo ne, tsayar da shi inda hoton ya fito sarai, ɗauki hoton allon, sa a Google Lens, manhajar binciken hoto, sau da yawa za ka ga inda ya taɓa fitowa da shekarar. Ku duba cikin hoton ma: lambar mota ta wace ƙasa ce, wane harshe ake yi a baya. A ce maka jiya aka ɗauka a Adar cikin Afrilu, ga ciyawa shar, ai magana ta ƙare. Sanarwar gwamnati kuma ana karanta ta a Télé Sahel, ta fito a jaridar Le Sahel ko a kamfanin dillancin labarai na ƙasa, ANP. In kwana ya zagayo ba ta fito a ko ɗaya ba, a ajiye ta. Kwanan wata shi ne inda aka fi faɗawa rami: a 28 ga Janairun 2024 aka sanar da ficewar Nijar daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, amma sai 29 ga Janairun 2025 ta tabbata, wanda ya haɗa biyun zai yi ta gardama a banza.

Wata 'yar'uwa: Abin da ya fi damuna shari'a. A Yunin 2024 an gyara dokar laifukan intanet ta 2019, ɗauri ya dawo. Ɓata suna ko zagi ta salula shekara 1 zuwa 3 ne, yaɗa abin da zai iya ta da hankalin jama'a shekara 2 zuwa 5, ga tarar miliyoyin sefa. "Turo mini aka yi" ba abin dogara ba ne, tunda yaɗawar ce laifin. Wannan kada ta fito daga bakinka, ƙanena. Samu kawunku ko sa'ansa da yake jin nauyi ya gaya masa.

Amsa ta ƙarshe: Kada a raba shi da labari, zuciyarsa na can. Nemo masa tashar da ke sa shirin Hausa na Studio Kalangou, ya samu abin kaiwa majalisa mai tushe. Da izininsa ka kashe saukar bidiyo kai tsaye a saitin WhatsApp, sai wanda ya taɓa ne zai buɗe, kuɗin intanet ma ya ragu.